Wasiƙa daga Chennai

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da iyali da su Hajiya. Ka ce mata ina neman addu'a. Mu nan alhamdulillahi, sai dai zafi da gumi irin na garin bakin teku.

Ka tambaye ni ko Indiyancin da muka tsinta a finafinai yana yi mini amfani. A garin nan babu inda zai kai ka. Abin da muke kira Indiyanci, wato Hindi, harshen arewacin Indiya ne. Nan jihar Tamil Nadu da ke kudu kuwa Tamil ake yi, rubutunsa daban, asalinsa daban, ko dangi ba su haɗa ba. Allunan shaguna da na motocin haya, Tamil ne da Turanci. Na sha ganin mai a-daidaita-sahu ya gwammace ya yi ta kame-kamen Turanci da fasinja a kan ya amsa masa da Hindi. Mutanen kirki ne fa, amma an zubar da jini a kan maganar nan, kuma ba su manta ba.

Da tsarin mulkinsu ya fara aiki a 1950, an rubuta cewa Hindi ne harshen aikin gwamnatin tarayya, Turanci zai rufa masa baya na shekara 15 sannan a sallame shi. Mutanen kudu suka zauna suka yi lissafi. Ranar da aka sallami Turanci, jarrabawar shiga aikin gwamnati za ta koma harshen da ɗan arewa ya sha a nono, su kuwa sai sun koya a aji. Ka ga an gama rabon kujeru tun ba a shiga ɗakin jarrabawa ba. A 1959 Firaminista Nehru ya yi alkawarin Turanci zai zauna muddin waɗanda ba sa jin Hindi suna bukata, amma ya rasu a 1964. Da wa'adi ya cika a Janairun 1965, ɗalibai suka fito, tarzoma ta fara daga birnin Madurai na jihar nan ta bazu. 'Yan sanda suka yi harbi, aka rasa rayuka da dama, wasu samari suka cinna wa kansu wuta. A zaɓen 1967 jam'iyyar DMK ta 'yan Tamil, ƙarƙashin jagoranta Annadurai, ta kayar da Congress, jam'iyyar su Nehru, kuma tun daga nan Congress ba ta sake jagorantar gwamnati a jihar ba. A shekarar dai aka gyara dokar harsuna, Turanci ya zauna ba tare da wa'adi ba.

Ko taswirar jihohinsu harshe ne ya zana ta. Wani ɗan gwagwarmaya, Potti Sriramulu, ya yi yajin cin abinci na kwana 58 yana neman jiha ga masu jin Telugu, har ya mutu a Disambar 1952. Aka ba su jihar Andhra a 1953, aka sake yanka jihohi bisa harshe a 1956, aka raba jihar Bombay gida biyu a 1960. Shugabanninsu sun ji tsoron hakan zai wargaza ƙasa, ganin raunin rabuwa da Pakistan bai warke ba. Ni a ganina shi ne ma ya riƙe ta, domin mutumin da ake tafiyar da majalisar jiharsa da harshen uwarsa yana da abin da zai zauna dominsa.

Abin da ke ci mini rai shi ne talaka bai fita ba tukuna. Kotun ƙoli da Turanci take zama. Manomi zai sayar da gona ya ɗauki lauya, a yanke hukunci a kan rayuwarsa, sai an fassara masa. Sannan a ƙidayar 2011, da aka ce kusan kashi 44 cikin ɗari Hindi ne harshensu, an cusa masu jin Bhojpuri fiye da miliyan 50 a ciki, kuma harshen nasu ba ya cikin 22 da tsarin mulki ya lissafa. Idan ka juya takardar rupi za ka ga wani ɗan akwati da aka jera kuɗin da harsuna 15. Nasu ba ya ciki. Wannan ya sa na tuna musunmu a kan Hausa a Arewa. Mu ne a matsayin masu Hindi a can gida, kuma mai babban harshe ba ya saurin jin nauyin da yake ɗora wa maƙwabcinsa.

Rigimar ba ta kwanta ba. Manufar ilimi ta gwamnatin tarayya ta 2020 tana son yaro ya koyi harsuna uku, Tamil Nadu kuwa tun 1968 biyu ta riƙe, Tamil da Turanci. Gwamnatin tarayya a Delhi ta ce ba ta tilasta Hindi ba, 'yan Tamil kuma suka ce Hindin ne zai shigo ta bayan gida. A 2025 har aka riƙe wa jihar kuɗin makarantu a kan haka, kuma 'ya'yan talakawa ne ke makarantun gwamnatin.

Na fara koyon Tamil a wajen maƙwabcina da yamma. Ka rubuto mini labarin damina da farashin hatsi, ka gaida mutanen majalisa baki ɗaya.

Naka,
amininka na Chennai