Wasiƙa zuwa ga Yaya kan karatun Ummi da Abba

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya. Ya jikin Inna, ya ƙafar tata? Ya iyali da yara? Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi. Sanyi bai shigo ba tukuna, aiki kuma yana tafiya. Ciwon bayan da ka ji a bakin maman Ummi ba wani abu ba ne, zaman mota ne kawai, kada a gaya wa Inna.

Na rubuto ne saboda a waya ba ma gama magana, ko layi ya yanke, ko in ji akwai mutane kusa da kai ka koma "to, to". Ka fara karantawa kai kaɗai, sannan ka karanta wa Inna inda ya shafe ta.

Ummi ta shiga aji 12 a wannan watan na Satumba, shekarar ƙarshe ke nan ta sakandare a nan. Kuma akwai takardar da nake nema a hannunka da gaggawa. A makarantun birnin New York sai yaro ya tara kiredit 44, wato ƙidayar darussan da ya ci, ba irin kiredit ɗin WAEC ba, kuma ya ci jarrabawar jiha guda biyar kafin a ba shi takardar kammalawa. Jarrabawar saura ɗaya ta rage mata, za ta rubuta a Janairu in Allah ya yarda. Amma malamar da ke ba su shawara ta kira mu ta nuna mana cewa shekarar da Ummi ta yi a gida, wato aji uku na ƙaramar sakandare, ba a ƙirga mata ita duka ba, domin hoton takardar da muka zo da shi bai fito ba, hatimin ma ba ya karantuwa. Jami'o'in nan kuma sakamakon shekara huɗu suke dubawa, daga aji 9 zuwa 12. Don Allah ka je tsohuwar makarantarta da ƙafarka, kada ka aiki yaro. A rubuto sakamakon zango uku cif, kowane darasi da makinsa, a kan takardar makaranta mai tambari, shugaban makaranta ya sa hannu ya buga hatimi. Sunanta ya zama daidai da yadda yake a fasfo, harafi da harafi, na turo maka hoton shafin ta WhatsApp. Ka fara ɗauko min hoto mai kyau a wuri mai haske, asalin kuma a ba DHL. Ina son ta iso kafin ƙarshen Oktoba.

Sai maganar kuɗi, kuma ranar wanka ba a ɓoye cibiya. Daga wannan watan zuwa Yuni abin da nake turowa zai ragu. Kason Inna na abinci da magani ba zai taɓu ba. Kuɗin jarrabawar Abba ba zai taɓu ba. Gini ne zai tsaya. Tunda an kai linta, a bar shi haka. Ka sallami magini da haƙƙinsa, kada a ƙara sayen siminti ya zo ya daskare, bulon da ya rage a jera shi a ciki. Na san ka so a yi rufi kafin damina mai zuwa, ni ma na so, kuma na san abin da mutanen unguwa za su ce idan suka ga kango ya shekara. Su faɗa.

Bari in yi maka bayanin yadda abin yake, domin kada ka ɗauka uzuri nake nema. Nan ba a jiran a gama makaranta sannan a nemi jami'a, duk a cikin wannan shekarar ake yi, yaro yana zuwa aji yana cike takardu. Akwai wani shafin intanet mai suna Common App da ake buɗewa tun 1 ga Agusta, jami'o'i sama da dubu suna karɓar takarda ta cikinsa. Yaro zai rubuta labarin kansa da bai wuce kalma 650 ba, malamansa su rubuto shaida a kansa, makaranta ta tura sakamako. Masu neman gurbi da wuri wa'adinsu yawanci 1 ko 15 ga Nuwamba ne, sauran kuma farkon Janairu. Amsa tana fitowa zuwa ƙarshen Maris, sannan ranar 1 ga Mayu yaro ya faɗi inda ya zaɓa ya biya kuɗin riƙe gurbi. A cikin neman da wuri akwai wani iri da idan aka ɗauke ka dole can za ka je, tun kafin ka ga abin da wasu za su ba ka na tallafi. Na ce wa Ummi wannan ba namu ba ne. Mu sai mun baje takardun tallafi gaba ɗaya a kan tebur mun gwada.

Ta rubuta SAT, jarrabawar neman shiga jami'a ta nan, a bazara, ana lissafa ta a kan maki 1600, yanzu a kwamfuta ake yin ta. Ta ci da kyau amma ta ce lissafi bai kai yadda take so ba, za ta sake a Oktoba. Yaya, da ka ga yarinyar nan. Ranar da na dawo aiki wajen ƙarfe biyu na dare na tarar da ita a kicin, ta jingina littafi da tukunya, ta lulluɓa da bargon ƙaninta, tana gyara wannan rubutun na kalma 650 da jan biro. Na tambaye ta a kan me ta rubuta, ta ce a kan Inna, yadda take ƙirga ƙwayoyin maganinta ba tare da ta iya karanta kwalin ba, da yadda ita ce take karanta mata tun tana 'yar ƙarama. Shi ya sa take son aikin jinya. Ban iya ce mata komai ba, sai na sa mata albarka.

Kuɗin jami'a kuwa, masu zaman kansu akwai waɗanda suka haura dala 80,000 a shekara idan an haɗa da kwana da abinci. Kada gabanka ya faɗi, ba can muka dosa ba, sai fa idan su suka ɗauki nauyi. Jami'o'in birni, waɗanda ake kira CUNY, kuɗin karatunsu ga ɗan jiha kusan dala 7,000 ne a shekara, kwalejojinsu na shekara biyu kuma ƙasa da 5,000. Akwai takardar neman tallafin gwamnatin tarayya, FAFSA, da aka saba buɗewa 1 ga Oktoba. Suna duba harajin da mutum ya biya shekara biyu baya, daga nan su ga abin da gida zai iya. Ka tuna lokacin da wasu suke min dariya wai ina kai kaina ga masu haraji ina faɗin duk abin da na samu a tuƙi? Yau ga ranarsa, takarduna a tsabtace suke. Tallafin gwamnatin tarayya mai suna Pell, wanda kyauta ne ba bashi ba, ƙarshensa dala 7,395 a shekara, jiha ma tana da nata da ake kira TAP. Sai dai da albashin maman Ummi da nawa a haɗe, ba lalle ne a ba mu cikakke ba. Ragowar kuma za su ce a ci bashin gwamnati, ɗan shekarar farko ana ba shi har dala 5,500, kuma da ruwa a kai. Wannan ne ba na so. Ba zan so 'yata ta fara rayuwa da bashin riba a wuyanta ba, alhali ina da ƙarfin da zan tara mata. Ga littattafai, ga kwamfuta, ga kuɗin jirgin ƙasa, ga na rigar bikin kammalawa. Ita ma na hana ta aikin da take yi a kanti ranakun Asabar da Lahadi, ni kuma na rage fitar dare domin in raka ta ganin makarantu. Ka ga inda kuɗin gini ya tafi.

Yanzu maganar da ta fi ɓata min rai. Ya zo kunnena cewa Goggo tana faɗa a gidan suna wai zan tura Ummi wani gari ta zauna ita kaɗai cikin maza, wai har ta cire hijabi, wai an gani a Facebook. Subhanallahi. Hoton da ake magana na 'yan ajinsu ne ranar da makaranta ta kai su ziyarar jami'a, kuma Ummi ce ta biyu daga hagu da hijabinta har gwiwa. Wanda ya kai wa Goggo hoton bai ma san wacce ce ita ba. Yarinyar da ba ta fashin makarantar allo ta masallacinmu ranar Lahadi, ita za a yi wa wannan? Ni ba zan kira Goggo ba, uwa ce, kuma na san zuciyata. Kai ne babba, ka je ka same ta cikin ladabi ka nuna mata, ka roƙe ta ta bar maganar. Irin wannan idan ya bi yarinya, da wuya ya sake ta.

Amma ba zan ɓoye maka ba, akwai wata jami'ar jiha da ke nesa da mu, tafiyar awoyi a mota, da malamarta ta ce lalle ta nema, makinta ya kai. Idonta yana can. Na bar ta ta cike takardar, domin ban ga dalilin karya mata gwiwa tun yanzu ba. Abin da ni da mamanta muka fi so shi ne jami'o'in CUNY ɗin nan, Lehman da ke nan Bronx kusa da mu, ko Hunter a Manhattan, duka suna koyar da jinya, ta je ta dawo ta kwana a ɗakinta. Ba za a yanke komai ba sai Afrilu, kuma ba zan yanke ba sai na ji ta bakinka da na Inna. Maganar da Kawu ya kawo game da ɗansa kuma a ajiye ta. Ban ce a'a ba, ban ce e ba, kuma kada wani ya amsa da yawuna. Kada a kira yarinyar a waya da wannan zancen a bana.

Sai Abba. Shi ma shekararsa ta ƙarshe ke nan, kuma labarin da nake ji bai min daɗi ba. An ce sai sha biyun dare yake dawowa daga gidan kallon ƙwallo, wayar da na aiko masa don karatu ta zama ta hira. Ɗanka ne, amma nawa ne ni ma, sunan Baba yake ɗauke da shi. Kuɗin rajistar WAEC da JAMB zan turo su daban, a asusunka, ba a hannunsa ba. Kai za ka je makaranta ka biya, ka karɓi rasit ka turo min hotonsa. A duba lambarsa ta NIN tun yanzu, domin ba a rajistar JAMB sai da ita, kuma suna da ranar haihuwa su zo ɗaya a ko'ina. Yana buƙatar kiredit biyar har da Turanci da lissafi, kuma lissafin nan na san shi ne matsalarsa, a samo masa malamin da zai riƙa zuwa gida da yamma, ni zan biya. Ko kwabo kada a ba wani da sunan za a taimaka masa a ɗakin jarrabawa. Idan ya faɗi da gaskiya zan sake biya masa, amma kuɗina ba zai sayi amsa ba. Ka zaunar da shi ka tambaye shi abin da yake so ya karanta, ka saurare shi har ya gama kafin ka yi faɗa. Ni da na zauna da Ummi na yi shiru, na ji abubuwan da ban taɓa sanin tana tunaninsu ba. Ummi ta ce in ya yarda za su riƙa yin lissafi tare ta bidiyo ranar Asabar, da safenmu da yammarku.

Inna, ina gaishe ki, ina neman albarkarki. Na ji kin tambaya ko zan zo Sallah. Ba zan samu zuwa ba a bana ma, ki yi haƙuri, ki yafe min. Wallahi babu ranar da ba na tuna ki, kuma na san Yaya ne yake ɗauke da abin da ya kamata mu ɗauka mu biyu. Takwararki za ta gama a ƙarshen Yuni, in Allah ya kai mu ina so in kawo miki ita da takardarta kafin ta fara jami'a a ƙarshen Agusta. Ki ci gaba da sa ta a addu'a, ita da Abba. Maganinki kada ki rage don kin ji an ce kuɗi ya ragu, naki yana nan yadda yake.

Yaya, na sake faɗa: takardar makaranta da hatimi kafin ƙarshen Oktoba, gini ya tsaya, kuɗin Abba a hannunka. Idan wani ya zo da wata buƙata, biki ne ko bashi, ka ce masa sai bayan Yuni, kada ka ji kunya, ka ɗora laifin a kaina. Idan kuma rashin lafiya ce, ka kira ni ko ƙarfe nawa ne.

Maman Ummi tana gaishe ku, da yara duka. A gaida Goggo da Kawu, da Liman, da maƙwabta. Zan kira ka ranar Lahadi bayan la'asar ɗinku, ka kasance kai kaɗai.

Wassalam,
Ƙaninka.