Zan sake neman bizar, amma ba yanzu ba

Kano, daren Lahadi

Assalamu alaikum, aminina.

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara. Ya sanyin Manchesta, ya aiki? Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Hajiya tana gaishe ka, duk ranar da na je gaishe ta sai ta yi cigiyarka.

Na san ka ji ni shiru tun ranar da na turo maka cewa an hana ni bizar Birtaniya. Ka kira sau biyu ban ɗauka ba, ka yafe mini. Wallahi ba fushi ba ne, raina ne ya ɓaci har na rasa abin da zan ce maka. Na ga hotunan bikin kammala karatun takwarana, yana tsaye tsakaninka da mahaifiyarsa da hular nan mai kusurwa huɗu. Babbar rigar shaddar da na ɗinka saboda ranar tana nan rataye cikin ledarta. Shekara tara rabona da kai, na ɗauka bana za mu zauna tabarma ɗaya.

A ranar da takardar ta zo, layin farko kawai na karanta na kife wayar. Sai bayan mako guda na kira ɗan ƙanwata mai karatun lauya, muka zauna bayan isha'i ya bi mini ita layi bayan layi. A nan jikina ya yi sanyi, domin na gane mutanen ba haka kawai suka ce a'a ba. Sun ambaci sakin layi na V 4.2 na dokarsu ta masu ziyara, wanda ke neman mutum ya gamsar da su cewa ziyara ce ta kawo shi kuma zai koma gida in ta ƙare. Jami'in ya ce bai gamsu ba, ya kuma faɗi dalilinsa.

Babban abin shi ne kuɗin nan. Ka tuna na gaya maka yayana ya tura mini kuɗi masu kauri kwana goma kafin in cika fom, wai don asusun ya yi nauyi? To shi ne ya kayar da ni. Sun ga kuɗi sun faɗo rana ɗaya, sun ninka abin da ke shiga a wata sau da yawa, kuma babu takarda ko ɗaya da ta nuna daga ina suka fito. Ga shi kuma ka san yadda muke ciniki a Kantin Kwari. Mai saye ya ƙirgo tsaba, in juya in biya dila da tsaba, wani ya tura ta asusun yaron shago, adashi kuma yana hannun uwar adashi. Duk wanda ya tsaya bakin shagona awa ɗaya ya ga yadda atamfa da leshi ke fita ya san ina da sana'a. Amma wanda ke duba takarduna bai taɓa taka Kwari ba, ba kuma zai gan ni ido da ido ba. Takarda ce kaɗai gabansa, ita kuwa takardar bankina mutum take nunawa wanda kuɗi ba sa shigar masa sai jefi-jefi.

Sauran laifin na fom ne. Wani mai shagon cike fom na ba, saboda an ce hannunsa na da sa'a. Ya rubuta abin da nake samu a wata da ka, bai tambaye ni ba. Ya sa zan zauna wata uku alhali mako biyu muka yi magana da kai. Ni ma na sa hannu ban karanta ba, don haka ban ɗora masa shi kaɗai ba. Ka duba fa, ɗan kasuwar da zai rufe ido ya bar shago wata uku, ai dole a yi shakkar komawarsa.

Wannan irin biza ba a ɗaukaka ƙara a kanta, takardar ma ta faɗi haka ƙarara. Fam 127 da na biya sun tafi, da kuɗin mota zuwa Kaduna, da jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Idu, da kwanan da na yi a Abuja don a ɗauki hoton yatsuna. Sai dai babu dokar da ta ce sai na jira wata kaza kafin in sake nema, ko gobe na ga dama zan iya. Shi ya sa masu ba da shawara suka yi mini caa. Wani ya ce in mayar da takardun nan yadda suke, wataƙila in faɗa hannun jami'i mai sauƙin kai. Wani ya ce in yi sabon fasfo, in an tambaye ni ko an taɓa hana ni in ce a'a. Har akwai wanda ya ja ni gefe a masallaci ya ce yana da mai haɗa takardar banki. Aminina, yatsuna goma suna cikin kwamfutarsu, ina mutum zai ɓuya? Wanda aka kama da ƙarya ko takardar jabu ana iya rufe masa ƙofa har shekara 10. Ko babu wannan ma, ba zan ɗora ziyarar zumunci a kan ƙarya ba. Inda fom ya tambaya, zan rubuta cewa an hana ni, da ranar da dalilin.

Ga abin da na soma. Na mayar wa yayana kuɗinsa ta banki, yadda za a ga sun koma inda suka fito. Tun farkon watan jiya duk cinikin yini asusun shago yake shiga kafin la'asar, ko da zan cire shi washegari, kuma kowane dila sai ya ba ni rasit. Yaran shago sun yi ta ƙorafi da farko, yanzu sun saba. Ina so takardar banki ta wata shida ta nuna kasuwata yadda take, da ranar ciniki da ranar da kasuwa ta yi sanyi. Na ciro takardar rajistar shago ta CAC da rasit na haraji da takardar gida da takardun makarantar yara. Wannan karon ni da ɗan ƙanwata za mu cika fom, in haɗa da gajeren bayani da zai amsa kowane dalili da suka kawo, har da maganar kuɗin yayana.

Yanzu ga roƙona. Na san halinka, don Allah kada ka turo mini ko sisi. In kana son ɗaukar nauyin wani abu, ka rubuta shi a takardar gayyata: cewa gidanka zan sauka, kai za ka ciyar da ni, ni zan sayi tikitina. Ka faɗi yadda muka san juna tun muna 'yan firamare, ka sa mako biyu daidai. Ka haɗo da hoton fasfonka, da shaidar izinin zamanka, da wata takarda mai adireshin gidan. Kada ka rubuta ta yanzu, domin ba a karɓar nema sai saura wata uku ko ƙasa da haka a yi tafiya, amsa kuma takan ɗauki kamar mako uku. Ina harin lokacin zafinku mai zuwa, zan sanar da kai idan lokaci ya yi. Tikiti kuwa ba zan saya ba sai na ga biza da idona.

Ba ni da tabbacin za su ba ni, kuma na gaya wa maman yara haka don kada ta sake sa rai kamar wancan karo, da har ta daka maka yaji ta ƙulla kuka da kuɓewa busasshiya.

Ka gaishe da uwargida ƙwarai. Ka ce wa takwarana Allah ya sa albarka a karatun, hular zanna da na saya masa tana nan ajiye. Ka kira ni ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, in sha Allahu zan ɗauka.

Wassalam,
Naka amini har kullum.