Godiya ga shagon injunan yankan ciyawa na kusa da babbar kasuwar Maradi

Assalamu alaikum Alhaji, kai da makanikanka.

Mu masu garka da 'yan ƙwadagon yankan ciyawa na bakin Gulbin Maradi, daga Tibiri har Jiratawa, mun ga ya dace mu yi muku godiyar nan a bainar jama'a, domin inji ba ya fita shagonku sai an koya wa mai shi yadda zai riƙe shi lafiya.

Da haɗin mai kuke farawa, kuma daidai ne. Mililita 20 na man 2T, wato man injin da ake garwayawa da fetur, a lita ɗaya ta fetur ga manyan injuna, ƙananan na Sin kuwa da yawansu 40 suke so. Man 2T ya gaza, fistan ya kame. Ya yi yawa, sai hayaƙi da baƙar buji. Kuna kuma jaddada cewa kada a zuba mai inji na da zafi, kuma a matsa mita 3 daga inda aka zuba kafin a ja igiya.

Inda muka fi yaba muku shi ne kan wuƙa. Kowa na son ya cire murfin kariya wai yana rage sauri, ku kuwa ba ku cirewa ko an roƙa. Wuƙar da ta tsage ba ku yi mata walda, wadda ta lanƙwashe ba ku miƙe ta da guduma, domin tana juyi sau dubbai a minti ɗaya, guntun da ya ɓalle kuma ba ya zaɓen ƙafa. Da ganin ciniki ya wuce ku saboda wannan, amma kun tsaya. Kun nuna wa yaranmu cewa notin wuƙa ta hagu yake ɗauruwa, kuma ana yanka daga dama zuwa hagu. Gefen wuƙa na gaba ta dama, in ya taɓa kututturen sabara ko dutse, shi ke wurga injin gefe. Igiyar roba da ake sawa a madadin wuƙa ta ishi ƙarangiya da ɗanyen haki, wuƙa sai ga sabara da kara.

Madaurin kafaɗa ma ku kuke daidaita wa mutum, har wuƙar ta tsaya kusa da ƙasa ba tare da ya sunkuya ba. Tabarau, abin toshe kunne, takalmi mai rufi, ba silifas ba. Yara da dabbobi su yi nisan mita 15. Ciyawa ta naɗe kan injin, a kashe shi a cire hular buji kafin a sa hannu. In wuƙa na juyawa ba a matsa totur ba, a dawo muku da shi.

Roƙonmu ɗaya: ku ƙaro matatun iska kafin hunturu, ƙurar bana ba za ta bar tsofaffin ba.

Allah ya ƙara kasuwa, ya sa albarka.

Naku,
Masu garka na bakin Gulbi, Maradi