Ƙorafi ga kamfanin da ke kawo mana siron maganin makero a Damagaram

Assalamu alaikum, shugabannin kamfani.

Ni mai sayar da magani ne a unguwar Zango, kuma na daɗe ina karɓar kayanku. Kwalaben siron griseofulvin, maganin makero, da kuka aiko mana kwanan baya sun sa na kasa haɗa ido da iyayen yara.

Wata baiwar Allah daga unguwar Birni ta dawo mini da kwalba, ɗanta goye a baya, makero ya ci masa rabin kai. Ta ce, "Malam, girgiza da kanka ka gani." Na girgiza har hannuna ya gaji, farin garin yana kwance a gindi kamar lakar tabki. Na ɗiga kaɗan a yatsa na murza, sai na ji tsaki-tsaki. Mako uku ke nan yaron yana shan ruwan sama-sama, maganin kuwa yana ƙasa.

Kun fi ni sanin cewa griseofulvin ba ya narkewa a ruwa sai da ƙyar. Shi ya sa ake niƙa shi ya yi laushi, kaurin ƙwayar garinsa ya dawo 'yan mikron kaɗan (mikron dubu ne milimita ɗaya), alhali kaurin silin gashin mutum ma wajen mikron 70 ne. In ƙwayar ta yi girma, hanji ba ya tsotse ta yadda ya kamata. Kuma in girmanta ya ninka biyu, saurin kwanciyarta a gindin kwalba ninkawa huɗu yake yi. Duk macen da ta taɓa dama kunu da garin da ba a tankaɗe ba ta san wannan.

Ai abu ne da ake aunawa. Rariya ta awon gari mai tsaki-tsaki ce. Irin wannan laushin da na'urar hasken leza ake duba shi, a watsa haske cikin ƙwayoyin, manya su karkatar da shi kaɗan, ƙanana su baza shi. Ina takardar awon wannan rukunin kwalaben? Ko zafin hanya ne ya dunƙule shi? Ku faɗa mana, don a watan Afrilu zafinmu yana wuce digiri 40.

Na sauke sauran kwalaben daga kanta, na mayar wa matar kuɗinta daga aljihuna. Ina roƙon ku janye rukunin nan daga duk shagunan garin, ku aiko mana da sakamakon awonsa a rubuce. Kwalba biyu na ajiye, zan aika su LANSPEX, ɗakin binciken ingancin magunguna na ƙasa da ke Yamai.

Naku,
Mai sayar da magani, Zango, Damagaram