Godiya ga Alhaji mai shagon kayan wuta a Sabon Gari

Assalamu alaikum Alhaji, da fatan kana lafiya, kai da yaran shago.

Na rubuto wannan a fili ne domin godiyar da na yi maka a bakin shago ba ta ishe ni ba. Ni ne malamin makarantar nan da ya zo da hoton gidansa na jan bulo a waya, yana neman fitilun da za su haska bango da tsakar gida, alhali ko ƙwan fitila da ƙyar nake iya canjawa.

Na zo da niyyar sayen manyan fitilu masu farin haske, in ja musu waya kai tsaye daga soket ɗin falo. Ka ƙi sayar mini. Gaskiya a lokacin na ji haushi. Sai ka zaunar da ni a benci ka ce wutar gida mai ƙarfin bolt 230 ba abin da ɗan koyo zai binne a ƙasa ba ce, ga yara ga ruwan damina. Ka haɗa ni da ƙaramar tiransifoma mai sauke wutar zuwa bolt 12, da fitilun LED masu wat 5, kuma ka nuna mini alamar IP65 a jikin kwali, wadda ke nufin ƙura ba ta shiga, feshin ruwa ma ba ya cutar da su.

Abin da ya fi burge ni shi ne maganar huda bango. Yaronka ya ce kada in huda bulon kansa, in bi layin simintin da ke tsakanin bulo da bulo, domin idan na yi kuskure ana iya cike ramin, amma bulon da ya tsage ya tsage ke nan. Sau biyu na kauce, sau biyu ɗan siminti ya rufa mini asiri. Yaron ne kuma ya sa na ɗauki fitila mai haske ruwan ɗorawa maimakon fari. Ashe farin haske kashe launin jan bulo yake yi, ya mai da shi kamar toka.

Wayar ma ka ba ni mai kauri, ka ce siririya idan ta yi nisa fitilar ƙarshe za ta dusashe. Na zura ta cikin bututun roba kafin in binne. Haɗa tiransifoma da wutar gida kuwa, mai wayarin na kira, kamar yadda ka gargaɗe ni.

Yanzu da magariba ta yi sai bangon ya yi ja wur. Maman yara, wadda ta yi ta yi mini dariya da farko, a tsakar gida take shimfiɗa tabarma ta yi tsintar shinkafa.

Allah ya ƙara buɗi, ya yi wa kasuwa albarka. A gaishe mini da yaron nan da kyau.

Naka,
Malamin makaranta daga Kabuga, Kano