Kafin mu biya kuɗin filin bakin titi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Babana, bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali da 'yan jikokina. Mu ma nan lafiya ƙalau. An gama yankan gero, dawa ce ta rage a gona. Innarka tana gaishe ka, ƙafar ta yi sauƙi sosai.

Kuɗin da ka turo sun shigo, suna nan ban taɓa ko sisi ba. Filin da dillali ya aiko maka hotonsa na je na gan shi har sau biyu, amma ban biya ba. Na ga gara in rubuto maka dalili a tsanake, don irin wannan magana ba ta zama a waya.

Zuwan farko ranar Talata na yi, da hantsi, kuma ni kaina ya burge ni. Fili ne shimfiɗaɗɗe yana kallon titin Maiduguri, ga sababbin shaguna a jere ana yi musu fenti, ga gidan mai ana ginawa can gaba kaɗan. Sai na ce bari in dawo ranar Juma'a, ranar da kasuwar Wudil take ci. Bayan la'asar na isa. Tirela biyu na tarar a daidai bakin filin suna jiran lodin shanu, ƙarƙashinsu duk baƙin mai da kashin dabbobi. Masu rake da masu awara sun kafa tebura a wurin da ƙofar gidanka za ta kasance. Ban yi rabin awa a tsaye ba farar hulata ta koma ja. Da na tashi tsallakawa sai da wani yaro mai tura baro ya riƙe mini hannu, motoci ba sa ɗaga ƙafa. A tsakiyar titin nan ƙaramar 'yarka ta faɗo mini a rai, da allonta a hammata za ta Islamiyya. Daga nan zuciyata ta fita daga wurin.

Dillalin bai yi maka ƙarya ba da ya ce kuɗin filin zai hau. Zai hau, tun ma ba idan shagunan sun cika ba. Abin da bai gaya maka ba shi ne wanda zai saye shi da wannan tsadar. Mai neman shago ne ko wurin ajiyar kaya, ba mai neman inda zai kwantar da iyali ba. Kai kuwa gidan zama ka ce kana so. Idan ka zuba kuɗinka a ɗakuna da tayil da silin, ranar da za ka sayar ƙasar kawai za a taya, ginin a ɗauke shi abin rushewa.

Na ga haka da idona a gidan wani abokina da muka yi makarantar allo tare. Gidansa a bakin hanya yake tun zamanin titi ɗaya. Da aka zo aikin mayar da hanyar tagwaye, wata safiya ya tashi ya tarar da jan fenti a bangon zaurensa. Aka yanke zauren, aka biya shi diyya, amma ba ta gina masa irinsa ba. Abin da ya fi ciwo sai da damina ta zo: an ɗaga titin ya fi tsakar gidansa tudu, duk ruwan da ya sauka a kwalta wurinsa yake gangarowa. Na taɓa samun matarsa da tsakar rana tana kwarfar ruwa daga ɗaki da kwanon sha, buhunan masara an ɗora su a kan turmi da kujeru. Ƙarshe ya fasa gaban gidan ya fitar da shaguna uku. Haya tana shigo masa, ba laifi, amma iyalin ya kwashe su ya mayar cikin gari, ɗakunan baya kuma babu mai kama su sai masu ajiye buhuna.

Waɗanda suka ci ribar titin nan ba tare da sun sha wahalarsa ba su ne na layi na biyu da na uku. Mota kusa, kasuwa kusa, turakun wuta sun iso, amma da dare suna barci. Tun da aka buɗe jami'ar kimiyya da fasaha a Wudil a 2001, malamai da ɗalibai irin waɗannan gidaje suke bi suna nema, kuma ba sa jayayya a kan kuɗin haya.

Ka kuma riƙe wannan: dokar ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar jiha a hannun gwamna, ya riƙe ta amana. Idan aka buƙaci wuri don aikin jama'a za a karɓa, diyyar kuma ta abin da ka gina ko ka shuka ce, ba ta tsadar da dillalai suke kira ba. Filin da ya manne da babban titi kullum shi ne a bakin wuƙa. Ga kuma gidan man. Kai ma ka san abin da ya faru a Majiya ta ƙaramar hukumar Taura a watan Oktoba na 2024, da tankar mai ta faɗi ta kama da wuta, sama da mutum 150 suka rasu. Allah Ya jiƙansu. Ba na son jikokina su kwana inda tankoki suke kwana.

Kada kuma ka jingina lissafinka duka da waɗannan shaguna, don kasuwa tashi take yi. Ku da kuke birni kun fi ni sani: Shoprite da ya cika Ado Bayero Mall da jama'a tun 2014 ya rufe a farkon 2024. A shekarar dai aka tashi masu sayar da magani daga Sabon Gari zuwa Dangwauro, ciniki ya bi su. Wanda ya sayi wuri da tsada saboda wani kanti ɗaya, ranar da kantin ya tashi wa zai kama?

Na zaga bayan wurin, na ga wani fili layi uku daga titi, a kan tudu, kusa da masallaci. Kuɗinka za su saye shi har a samu ragowar da za a fara buga bulo. Abu ɗaya ne ya tsaya mini: awon igiya ne, layin da aka bari ɗan siriri, mota ɗaya ma da ƙyar. Na ce wa mai shi ba zan yi magana ba sai an kira maƙwabta an tsayar da faɗin hanya a gaban mai unguwa, an nuna mini inda ruwa yake bi. Gado ne kuma, don haka sai duk magada sun sa hannu, mata da maza, dagaci ya shaida, sannan mu kawo safiyo ya auna mu nemi takardar hukuma. Idan daga baya Allah Ya hore maka, ka sayi na bakin titin ka yi shaguna, ba zan hana ka ba, ni zan ma tsaya maka a kan ginin.

Zuwa da kai ya fi saƙo. Ka nemi hutu ka taho ranar Alhamis ka kwana, Juma'a bayan an sauko mu je ka tsaya a filayen biyu da ƙafarka. Ka zo da maiɗakinka, ita za ta wuni a gidan, tana da ta cewa. Innarka ta ce ka taho mata da maganin shafawar nan na wancan karon.

Allah Ya yi maka albarka, Ya zaɓa mana mafi alheri.

Mahaifinka.