A Bar Bandejin Tiyatar Ƙashi Yadda Likita Ya Ɗaura Shi

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka in yi magana a kan abin da ya faru a gidanmu, wanda na lura yana faruwa a gidaje da yawa a nan Kaduna, wato sakacin da muke yi da ciwon wanda aka yi wa tiyatar ƙashi bayan an sallamo shi.

A hunturun bara ƙanina ya faɗi da babur kusa da gadar Kawo, ƙashin ƙwaurinsa ya karye. Likitoci suka yi masa aiki, suka sa ƙarfe da kusoshi, suka ɗinke, aka sallamo shi da umarnin kada kowa ya taɓa bandejin sai ranar da aka rubuta masa ya koma wankin ciwo. Muna isowa gida 'yan dubiya suka cika ɗaki, kowa da sannu, kowa kuma da nasa maganin. Gwaggonmu ta ɗaga gefen filasta domin ta ga ɗinkin da idonta, washegari kuma ruwan alwala ya jiƙa audugar. Saboda gudun kuɗin Keke da dogon layi, sai muka kira yaron wani kemis na unguwa. Ina tsaye ya ɓare audugar ba safar hannu, ya buɗe kafso ya barbaɗa garin a kan ɗinkin, ya naɗe da bandejin da ya zaro daga aljihun rigarsa. Ban ce uffan ba, kuma har yau ina ganin laifina.

Ba a yi mako ba wurin ya yi ja, ya kumbura, ya ɗauki zafi, zazzaɓi ya rufe shi, mugunya ta fara tsattsafowa da wari. Da muka koma asibiti, likitan ya yi mana bayanin da ya kamata a ce mun ji tun ranar sallama. Ciwon da ke da ƙarfe a ƙarƙashinsa ba irin yankan wuƙa ba ne. Ƙarfe ba shi da hanyar jini, don haka idan ƙwayoyin cuta suka kai gare shi sai su manne, su lulluɓe kansu da wani irin yauƙi wanda magani ba ya ratsawa da sauƙi, daga nan su shiga ƙashin kansa. Idan abin ya yi nisa, sai an cire ƙarfen tun ƙashin bai gama haɗuwa ba. Ƙanina ya sake shiga ɗakin tiyata aka wanke wurin, ya yi mako 6 yana kan magani, kuɗin da muka kashe kuwa ya ninka wanda muka yi ƙoƙarin tattalawa sau ba adadi.

Abin da ake nema a wurin masu jinya ba mai wuya ba ne. A bar bandejin a bushe kuma a rufe, musamman lokacin ƙurar hunturu da gumin bazara. Idan ya jiƙe ko ya ɓanɓare, ma'aikacin lafiya ne zai canza shi da wankakken hannu, da safar hannu, da auduga sabuwa daga cikin ledarta. Garin kafso, man shanu, toka da gasa ciwo da ruwan zafi ba su da wuri a kan ɗinki. Galibi ana cire zaren ne tsakanin kwana 10 zuwa 14, kuma likita ne ke sa ranar, ba ƙaiƙayin ciwon ba. Mai ciwon suga ya kula da sugansa, mai shan taba ya ajiye ta, domin duka biyun suna jinkirta warkewar fata da ƙashi. Idan kuwa yatsu suka yi sanyi ko suka dena ji, ko sha-raɓa ta kumbura tana ciwo, ko numfashi ya yi wuya, to ba a jiran gari ya waye.

Batun alwala ya fi damuna, domin shi ne ya fara jiƙa mana audugar. Malaman fiƙihu sun daɗe da bayyana cewa mai karaya ko rauni yana iya shafa a kan abin da aka ɗaure wurin da shi, ba sai ya kwance ba. Ina roƙon limamanmu su riƙa ambaton wannan a karatu, saboda majinyata da dama suna jin nauyin tambaya.

Ga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kaduna da shugabannin asibitoci kuma, roƙona shi ne a riƙa ba duk wanda aka yi wa aikin ƙashi takarda guda da Hausa, boko da ajami, mai ɗauke da ranar wankin ciwo, da ranar cire zare, da alamomin haɗari, da lambar da za a kira. A karanta ta a gaban wanda zai yi jinyar a gida, domin shi ne zai hana gwaggo ɗaga filasta.

Naka,
Wani malamin makaranta,
Unguwar Kanawa, Kaduna.